Ranar da Na Yi wa Agwagin Kawu Kwalliya

Ba ni da yawan magana, amma ina da ido, kuma idon ne ya kai ni ya baro.

Ran Asabar Kawu yakan taya wani tsohon Bature a unguwar Jamaica, nan New York, sassaƙa agwagin ƙarya, da abin nan mara nauyi da ake toshe kwalba da shi. Mafarauta ke jera su a ruwa, na gaske su gani su sauko. Kawu yakan shafa musu man hana ruwa shiga, sannan fenti.

Wata rana ya bar guda shida suna bushewa a ƙasan benenmu. Na ga fentin a dushe kamar tsohon zane. Na ce a raina, namiji bai san kwalliya ba. Na ɗauko man ƙyallin katako na bi su ɗaya bayan ɗaya, har ina ganin fuskata a jikinsu. Na zauna jiran yabo.

Kawu ya shigo ya dafe kai. "Ke 'yar nan! Ƙyalli ai korar agwagwa yake! Gobe zan kai su. Kin raba ni da mutumin nan."

Na kasa cin tuwo. Washegari ya dawo yana murmushi. Wai tsohon ya yi dariya har da hawaye, ya ce samfefa za ta gyara, ɗaya kuma matarsa ta ɗora kan talabijin.

Har yau, in na shafa mai zan tafi makaranta, sai Kawu ya leƙa taga: "Agwagin New York, ku gudu, ga ta nan!"