Kiran Sallar Da Na Yi Da Lokacin Kano

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da azumina na farko a unguwar Agege ta Legas ba, a shekarar 2000. Satina biyu ke nan da zuwa daga Kano, ina ɗaure da sabon agogo mai batir, irin mai nuna lamba har da daƙiƙa. Kullum da safe sai na gwada shi da rediyo, kuma bai taɓa kuskure ba (ni ma a lokacin haka nake ganin kaina).

Ladanin masallacin layinmu, Baba Sule, tsoho ne mai fara'a. Agogonsa irin na da ne, sai an murɗa masa kai kowace safiya, kuma kafin yamma ya yi lattin minti biyar. Na sa shi gaba da tsokana, shi kuwa sai dai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, tare muka tsufa da shi."

Ranar uku ga azumi Baba ya tafi kasuwar Alaba Rago, cunkoson motoci ya riƙe shi. Ni kuwa ina da jadawalin shan ruwa da na zo da shi daga masallacinmu na Kano, a ninke cikin aljihu. Na duba takarda, na duba agogo, na ce lokaci ya yi. Wani tela haifaffen Legas ya ce, "Oga, gari fa da haske." Na ce masa ni da ilimi nake aiki, ba da ido ba. Na kama lasifika na rangaɗa kiran salla, har da jan murya.

Layi kaf aka kai dabino baki. Mata a cikin gidaje suka kafa kai a kofin kunu.

Ina tsakiyar ƙosai na uku sai ga Baba ya diro daga bas ɗin haya, wato danfo, yana haki. Bai yi faɗa ba. Hannuna ya kama, ya ja ni bayan wani bene ya nuna yamma. Ga rana nan jawur, ko niyyar faɗuwa ba ta yi ba.

"Agogonka lafiyarsa ƙalau, ɗana," in ji shi. "Takardarka ce 'yar Kano. Sai rana ta faɗi a can da kusan rabin awa muke ganin tamu ta faɗi a nan."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Liman ya ce duk wanda ya ci sai ya rama, wato ni kaɗai na ɗora wa layi guda azumin kwana ɗaya.

Bayan ƙaramar salla muka rama tare, rana ɗaya. Da magariba ta gabato, Baba ya miƙo mini lasifika yana ƙunshe dariya, jama'a suka yi caa, "A'a Baba, don Allah!" Ranar na gane cewa baƙo, komai kyan abin da ya zo da shi, gara ya fara tambayar 'yan gari ƙarfe nawa.