Ƙanƙarar Walimar Hajiya Zulfa

Wani ne a nan Zongo, matarsa Bara'atu ke sana'ar ƙanƙarar zoɓo, irin wadda ake ƙullawa a 'yan ledoji a jera a firigo. Ana gobe walimar saukar ɗan Hajiya Zulfa a unguwar Tampouy, sai aka kira Bara'atu a waya, ƙanwarta na naƙuda. Ga zoɓo ta dafa ta tace, saura ƙulli.

Ta yafa mayafi ta ce, "Maigida, ga leda, ga ludayi. Ka zuba, ka murɗa, ka ƙulla. Hajiya ce babbar mai sayena. In ta kuɓuce mini, wallahi kai ma ka nemi mai dafa maka tuwo."

Ya ce, "Haba! Ɗan wannan? Je ki abinki."

Ya zauna ya miƙe ƙafa. Leda ta farko ya cika ta fam, yana murɗawa ta fashe masa a ido. Ta biyu ya ƙulla da kyau, amma da ɗan yatsansa a ciki. Ta uku ta ƙi buɗuwa, ya hura mata iska, ta tashi ta haye katangar maƙwabta.

Ya yi tsaki ya ce, "Mata dai da son wahala! Wa ke ɗaure ruwa? Ka bari ya daskare mana, sannan ka kama shi."

Ya juye zoɓon duka a babban baho, ya cusa a firigo, ya shiga ɗaki yana yaba wa kansa.

Da gari ya waye ya kife bahon, sai ga ƙanƙara guda, jawur, kamar dutsen niƙa. Ya sa wuƙa, wuƙa ta karye. Maƙwabcinsa Harisu kafinta ya leƙo ya ce, "Maƙwabci, in kawo zarto?"

"Bar shi. A can sa sassara kamar naman rago."

"To a me za ka ɗauka?"

Nan fa ɗaya, don Bara'atu ba ta yarda bahonta ya fita gida. Gogan naka ya sa farar shaddarsa ta Sallah, ya ɗauko zanenta, ya ce Harisu ya ɗora masa a baya. Ya goya ta tsam, ya hau moto, wato babur, rana na tsakar ka, ga watan Afrilu.

Tafiya ta yi daɗi, sanyi na ratsa bayansa. Yana cewa, "Kai! Ashe haka masu kilim mai sanyaya ɗaki ke ji."

Bai yi nisa ba aka fara nuna shi. Wani mai taksi ya zuro kai yana ihu, "Aksidan! Malam, an sare ka a baya!"

Ya zaci ciniki yake nema, ya ɗaga masa hannu ya ce, "Na gida ne, ba na sayarwa ba!"

Yana tsayawa ƙofar Hajiya, mata suka ga mutum ja tun daga wuya har takalmi, ga goyo a baya. Aka sa salati. Wata ta ce a kira pompiye, 'yan kwana-kwana, wata ta zube tana, "Wayyo jaririn!"

Hajiya Zulfa ta ratso ta kwance zanen da kanta. Abin da ya faɗo bai fi sabulun wanka ba. Ta dube shi, ta dubi yara cike da tsakar gida.

"Mijin Bara'atu, ina sauran ƙanƙarata?"

Ya waiga ya nuna jan layin da ya biyo shi a kan kwalta.

"Tun a hanya ta sauka, Hajiya. Ga ta can tana tahowa a ƙafa."