Ranar da Na Ɗinka wa Moto Riga

Ba zan taɓa mantawa ba da aikin farko da na yi ni kaɗai bayan rasuwar maigidana Malam Sani, wanda ya koya mini aikin lantarki a Kaura Namoda. Ko arba'in ɗinsa ba a yi ba Alhaji Garba na Shinkafi ya aiko a kira ni. Ya sayo injin aunawa da zuba shinkafa a buhu, yana son a ɗaura masa moton sarbo, wato irin moton nan da ke juyawa daidai gwargwadon umarnin da aka ba shi, ya tsaya cak. Alhaji bai san ni ba, darajar marigayi kawai na ci. Na san in na ɓata aikin nan, sunan Malam na ɓata.

Na yi aikin da tsoron Allah. Na daidaita bakin moton da na injin har ba ya ko karkarwa, na ɗaure kusoshi, na raba wayar wuta da ta saƙo, na binne wayar ƙasa. Sai na ɗaga kai na ga yadda ƙaiƙayi da dusa ke tashi a wurin, tausayin moton ya kama ni. A gidanmu duk abu mai daraja rigarsa gare shi: talabijin, keken ɗinki, har rediyon Baba. Na koma gida na sa matata ta ɗinka wa moton riga da ragowar shadda, ta cusa soso a ciki (ni na ce ta ƙara soson, kada a ɗora mata laifi).

Ranar buɗewa liman ya yi addu'a, aka sa marigayi a ciki, idona ya cika da ƙwalla. Manoma sun zo da shinkafarsu har daga Katuru. Ni kuwa na miƙe na yi wa jama'a lacca kan yadda ake kula da moto ya daɗe. Har da nuna rigar da yatsa.

Inji ya tashi lafiya, buhuna suna cika. Can rana ta take, sai ya yi tsuwa ya tsaya, jar wuta na ƙyaftawa.

Alhaji ya ce, "Mi ya hwaru, ɗana?"

Na ce janareta ne. Aka duba, lafiyarsa lau. Na ce to waya ce, na bi ta kaf, ba komai. Gumi ya jiƙa ni. Da dabara ta ƙare na kira dilan da ya sayar da moton a Kano ta bidiyo, kuma don a ga ba na ɓoye komai, na buɗe murya kowa na ji.

Ya ce, "Matso da wayar. Tsaya, me nake gani? Wa ya sa wa moton riga? Ta jikinsa fa yake fitar da zafi! Ku cire, kafin ku dafa shi!"

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Na durƙusa gaban liman da manoma ina kwance igiyar rigar, ƙarfen na ƙona mini yatsu. Allah ya taimake ni moton ya kashe kansa kafin ya ƙone. Da ya huce aka share shi, ya ci gaba da aiki.

Alhaji ya dube ni ya ce a hankali, "Malam Sani ya taɓa ce mani yaronai na da hannu. Bai hwaɗa mani tausayinka ya kai haka ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Tun daga ranar na gane cewa abin da kake so ya yi tsawon rai, share shi za ka yi ka bar masa wurin shan iska. Rigar kuwa ba ta yi asara ba. Da ita matata ke lulluɓe kwanon tuwona, kuma wallahi tana riƙe zafi.