Alhaji Mai Kati Bakwai

A ƙungiyar ci gaban unguwarmu akwai wani Alhaji da babu kwamitin da bai sa ƙafa ba. Na masallaci yana ciki, na tsaro, na sulhu, na maƙabarta, har na tarbar baƙi da wasu biyu; guda bakwai cif, kuma ban taɓa ganin ya ɗaga ko tsinke ba. To a kwamfutar ƙungiya kowane ɗan kwamiti layinsa daban, don haka sunan Alhaji sau bakwai yake fitowa. Duk shekara in za a yi walima sai a buga masa kati bakwai, kowane kati kuwa da ƙunshin kaza da shinkafa. Haka zai cika bayan mota ya tafi, mu masu kati ɗaya muna haɗiyar yawu, abin na cin ranmu. Bana aka ba Kubura sakatariya, wadda ta karanci kwamfuta. Ta duba ta ga abin ya yi yawa, sai ta sa na'ura ta tattara layukan kowa wuri guda: suna sau ɗaya, kwamitoci a jere a gabansa, waƙafi na raba su. Katin Alhaji ya fito ƙwaya ɗaya tal.

Ana tsakiyar taro sai ga shi ya shigo yana huci, katin a hannu.

"Ke Kubura, ina sauran shidan?"

Ta ɗan rusuna ta ce, "Suna nan, Baba. Duba ƙasan sunanka, duk na jera su a layi ɗaya, ko guda ban bari ba."

"Layi ɗaya? Shekara goma sha biyu ina mutum bakwai a ƙungiyar nan, ke daga zuwanki za ki dunƙule ni kamar fura? Wallahi ko ki mayar da ni yadda nake, ko yau a sake sakatariya!"

Shugaban ƙungiya ya sunkuyar da kai, don Alhajin surukinsa ne. Ni dai na ce shi ke nan, kujerar Kubura ta tafi.

Ita kuwa ta jawo kwamfutarta a natse, ta ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba, yanzun nan zan raba ka bakwai. Sai dai da jerin nan ake kiran aikin gayya. Asabar akwai yashe kwata, sai ku taho ku bakwai ɗin, kowa da sheburinsa."