Jadawalin da Na Zana a Bangon Madam Nawal

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da ranar da aka kama ni tsaye a kan kujera, daga ni sai singileti da gajeren wando, a gidan da ba nawa ba. A Alƙahira ne, cikin zafin shekarar 2014, kuma har yau in na ga farin bango sai in ji hannuna yana ƙaiƙayi.

Bari in faro daga farko. Karatun addini ne ya kai ni Masar, amma ciki ya mayar da ni simsar, wato dillalin gidajen haya. A unguwar Hayyus Sabi'i nake zaune, duk Bahaushen da ya sauka yana neman wurin kwana, ɗalibi ne ko mai jinya, ni ake nuna masa. (Ba ofis, ba takarda, sai tsohuwar waya da zaƙin baki.) Ana nan sai Alhaji Ɗanlami, aminin kawuna Malam Habu a Kano, ya kira ni ya ce zai buɗe ofishin sama wa masu zuwa asibiti masauki, kuma ni yake so in riƙe masa. Sharaɗinsa guda ne: in samo takardar shaidar dillancin gidaje, don shi ba ya harka da 'yan bakin titi. Akwai wata cibiya da ke shirya jarrabawar, saura mako shida. Na ce, "Alhaji, ka ɗauka an gama."

Wallahi ina son aikin nan. Shi ne zai hana ni komawa gida da jaka ɗaya da carbi, bayan shekara biyar ana cewa ina Masar.

Na sayo littattafai uku masu kauri, na dokokin haya, na ƙiyasta darajar gida, da na rubuta yarjejeniya. Na dube su, suka dube ni. Sai na ce wa kaina, mutum mai hankali ba ya afka wa karatu haka kawai, sai ya fara tsara jadawali. To amma ina zan tsara shi? Mu bakwai ne a ɗaki biyu. Wannan na hadda da ƙarfi, wancan na soya albasa, sauran na musun ƙwallo kamar za a daku.

A aljihuna kuwa akwai makullin wani gida a hawa na huɗu, titi biyu tsakaninsa da asibitin ido. Na wata Bamisriya ce, Madam Nawal, wadda ke zaune can unguwar Ainu Shams, ta ba ni amana in samo mata ɗan haya. Ba a jima da yi masa fenti ba, fari ƙal, shiru kamar masallaci bayan walaha. Na ce ai ba laifi in ɗan zauna kafin a samu mai so.

A takarda na fara jadawalin, ta yi kaɗan. Na koma kwali, shi ma ya cika tun ban kai mako na biyu ba. Ina zaune ina cizon biro sai idona ya sauka a bangon falo. Na ce da fensir zan yi, in an gama sai in goge. Da na gama na koma bakin kicin na hango, fensir bai fito ba. Jadawalin da ba a hango shi daga kicin kuwa ai ba jadawali ba ne. Washegari na sayo alƙaluman maka, irin waɗanda ba sa goguwa, ja da shuɗi da kore. (Mai shagon har ya tambaye ni ko makaranta zan buɗe.) Sandar tsintsiya ta zama rula.

Jama'a, jadawali ya yi kyau! Kowace rana da layinta, kowane darasi da launinsa, a gefe kuma ɗan akwatin da zan sa alama in na kammala. Ban bar komai a baya ba. "Tara zuwa ɗaya: waya a kashe." "Huɗu da minti goma: tunanin makoma." "Alhamis: maimaita abin da aka karanta Laraba." Matsalar ita ce zanen ya cinye kwana huɗu, don haka tun ranar da aka gama shi ya riga ya tsufa. Dole a sake tsari. Maka ba ya goguwa, sai na matsa bango na gaba. Kafin mako uku falo ya cika, na shiga lungu, na kutsa ɗakin kwana. Littattafan nan kuwa suna ƙasa, su nake dannewa da gwiwa in zan ja layin ƙasa.

Sai masu neman haya suka fara damuna, don duk wanda ya zo asibitin ido gidan nan ake fara faɗa masa. Ta ina zan buɗe musu ƙofa? Na farko na ce masa ruwa ba ya hawa. Na biyu na ce lif ya kan tsaya da mutane. Sai ga wani bawan Allah daga Damagaram da matarsa, duk abin da na faɗa sai ya ce ba komai, a ba shi makulli. Da na rasa abin cewa, sai na rage murya na ce, "Malam, ba na son faɗa, amma ana jin motsi a ciki." Bai ƙara minti ɗaya ba.

Kafin Juma'a duk Hausawan unguwa sun san akwai aljani a hawa na huɗu. Har wani ya rantse mini ya ga inuwarsa ta taga. (Ni ne, ina auna bango.) Maigadin benen, Am Sabir, dattijo ne mai tsoron Allah da tsoron aljanu, ya tare ni a ƙasa ya tambaye ni me nake yi a ciki kullum, ga kuma ƙarar karce-karce. Na gyara hula na ce ruƙiyya nake yi. Tun daga ranar ya koma kirana ya shekh, kullum ya ajiye mini shayi a bakin ƙofa ya sauka da gudu. Allah ya yafe mini, ina shanyewa.

Ranar da abin ya faru Talata ce, saura kwana goma jarrabawa. Ashe Hajiya, mahaifiyar Alhaji, na jiran a yi mata aiki a asibitin idon nan, likita ya matso da ranar, Alhaji ya taho da ita ba shiri. Ya yi ta kirana tun daga filin jirgi, amma jadawali ya ce waya a kashe, kuma wannan ne layi ɗaya tak da nake bi sau da ƙafa. Tafintan asibiti ya gaya masa akwai gida kusa, sai dai fa da aljani. Hajiya ta ce, "Ni da ba na gani, ya yi ta fitowa mana." Aka kira Madam Nawal, wadda ta gaji da jiran ɗan haya, ta taso da nata makullin.

Am Sabir ya roƙe su su shiga a hankali, shehi na ciki yana karatu. Suka tuɓe takalma a bakin ƙofa don girmamawa.

Ni kuwa ina kan kujera a falo, ina ƙara wa watan gobe layi can kusa da silin, jan maka a baki, shuɗi a hannu, kore a bayan kunne, ina 'yar rausaya. Na juyo haka sai na ga mutum huɗu, ba takalmi, suna kallona. Am Sabir hannuwansa a sama, ya ɗaga zai ce amin.

Madam Nawal ce ta fara magana, in ihu magana ne. Ta dafe ƙirji tana juyawa daga bango zuwa bango tana kiran fentinta kamar sunan mamaci. Na ce, "Ma'alish, ya madam," wato ta yi haƙuri, maka ya faɗo daga bakina ya yi mata ɗigo a kan tayil.

Hajiya ta ja rigar ɗanta. "Ɗanlami, shi ne aljanin?"

"Shi ne, Hajiya. Ɗan wajen Malam Habu ne."

"To me ya yi matar nan take kuka?"

"Rubutu ya yi a bango."

"Ayoyi?"

"A'a."

"To karanta mini."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Alhaji ya sa tabarau, ya goya hannu a baya, ya fara bin bango kamar mai duba makaranta. Ya karanta tunanin makoma. Ya karanta "hutun cin fulafil, kada ya wuce uku," wato ƙosan Masarawa. Ya shiga lungu muna jiyo muryarsa. Sannan ya dawo ya tsaya a wani ɗan sashe da na kewaye da kore, na sa masa suna "Abin da za a gaya wa Alhaji in ya kira." A ƙarƙashi na jera: mako na ɗaya, an gama littafi na farko, mako na uku, saura bita kawai, mako na biyar, malamai na yabawa. Duk na riga na faɗa masa su, kowanne a kan lokacinsa.

Ya cire tabarau. "Waɗannan ƙananan akwatunan fa?"

"Na sa alama ne in an karanta, Alhaji."

"Ban ga alama ko ɗaya ba."

"Ai ba a kai wurin ba tukuna, ranka ya daɗe."

Hajiya ta yi dariya har da tari. Ni dai ina kan kujera har lokacin, don ban san ko saukowa ta fi tsayuwa mutunci ba.

Alhaji ya karɓi gidan a ranar, saboda kusancinsa da asibiti, bisa sharaɗin in mayar da bango yadda na same shi. Kwana goman da suka rage na karatu, da buroshi na yi su. Maka kuwa mugu ne, ka shafe shi da fenti yau, gobe ya leƙo. Am Sabir ya daina gaishe ni, ya kuma aiko a karɓo kofunansa.

Ranar da aka cire wa Hajiya bandeji, saura bango ɗaya a ɗakin kwana ban shafe ba. Shi ne abin da ta fara gani da sabon idonta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai, ɗan nan, ashe hannunka da kyau. Bar mini wannan." Likita ya ba ta maganin ɗigawa sau huɗu a rana, kullum tana mantawa ko ta ɗiga. Sai ta karɓe jan makana. In ta ɗiga, ta tashi ta sa alama a akwati ɗaya. Kafin su koma Kano ta cike layi uku cif, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Na tsaya ina kallon alamomin nan, wallahi sai da na ji hawaye, don yadda na yi mafarkin bangon ke nan.

Jarrabawa dai na shiga, na kuma faɗi warwas. Tambaya ɗaya na amsa da ƙwarin gwiwa, wadda ta shafi abin da ke kan wanda ya ɓata bangon gidan haya. Ofis kuwa tafintan asibiti aka bai wa, wanda ya yi karatunsa a cikin motar haya, jadawalinsa a bayan takardar magani. Da za su tafi Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce in ya tashi yi wa ofishin fenti zai neme ni.

Darasin da na koya bai da yawa. Yanzu in zan yi karatu, littafin nake fara buɗewa, jadawali kuwa ba ya wuce girman tafin hannuna. In kuma kun ji an ce gidan haya da aljani, ku fara tambaya ko dillalin yana da jarrabawa a gaba.