Kekuna Uku a Gidan Kaka Janet

"…Da gajiya kuma, amarya?"

"Ba gajiya, maigida. Shigo a hankali, kada tumbinka ya tafi mini da ƙofa."

Kefas ya shigo ya ajiye jakarsa. Malamin makaranta ne a Samaru, kuma shi ne babban jikan Kaka Janet, tsohuwar tela. Makon da ya wuce ya share ɗakin ajiyarta ya mai da shi wurin motsa jiki. Ya zuba keken motsa jiki da ya sayo na hannu a PZ, cikin Sabon Garin Zariya, da ƙarafan ɗagawa biyu, da igiyar tsalle, da tabarmar roba. Ya ce don rage tumbinsa ne, amma ba gaskiya ba ne. Likitan ƙashi ya gaya masa gwiwoyin tsohuwar sun fara sandarewa, in ba ta riƙa motsa su kullum ba, kafin Kirsimeti sai dai a tura ta. Matan Zumunta na cocinsu ma ba su jira ba, har sun kawo mata kyautar keken guragu. Yana nan a zaure, a naɗe, ta juya fuskarsa bango.

Kefas ya ɗaga kai ya ga zannuwa suna lilo tsakanin bishiyar gwaiba da taga.

"Amarya, igiyata ce wannan."

"Igiyar shanya ce. Mai kyau kuwa, har da mariƙi."

"Ta tsalle ce."

"Wa ya biyo ka da za ka yi tsalle? Akuya ma in ta yi tsalle katanga take haurawa. Kai kana nan inda kake, sai haki."

"Ƙarafana fa?"

"Ɗaya yana tare mini ƙofar kicin. Ɗaya yana kan murfin tukunyar kifi, saboda kyanwa. Tun da aka haife ka ba ka taɓa sayen abu mai amfani irinsu ba."

"Tabarmar?"

"Kuɓewa ce a kai. Gobe za ta bushe."

"To keken dai na san ya fi ƙarfinki."

"Wane keke? Wannan da aka cuce ka? Wa ma ya sayar maka?"

"Nonso, a PZ."

"Ka koma ka ce wa Nonso ya cika maka tayarka. Malami guda, an miƙo maka keke da taya ɗaya ka ce na gode. Keken da shi kansa sai da Keke Napep ya goyo shi daga Sabon Gari!"

"Haka ake ƙera shi. Ba ya tafiya."

"Ni za ka gaya wa keken da ba ya tafiya? Tun ina budurwa nake taka irinsa. Amma nawa riga yake fitarwa. Wandonka na farko na makaranta daga bakinsa ya fito. Naka me yake fitarwa?"

"Gumi."

"Gumi kyauta ne a Zariya. Jira a ɗauke wuta ka cika bokiti."

Ta yunƙura za ta tashi daga kujera 'yar tsugune. Sai da ta dafa gwiwa, ta dafa bango, ta ɗan tsaya kamar mai tuna wani abu, sannan ta miƙe ta ɗauki sandarta. Kefas ya ga komai, ya yi kamar gwaiba yake kallo.

"Shi ke nan," ya ce. "Ran Lahadi zan zo da wuri. Zan goge wancan na zaure, in sa masa mai, in ɗaura masa balan-balan. Ni da kaina zan tura ki har layin gaba, Matan Zumunta suna waƙa a bayanmu."

"Ka tura wa?"

"Amaryata mana. Har ƙararrawa zan sa miki, ki riƙa kaɗa wa dattawan coci su ba ki hanya."

"Ni da nake jan rawar Zumunta tun ubanka yana yawo ba wando?"

"A zaune ma ana rawa. Kafaɗa kawai za ki riƙa kaɗawa."

Kaka Janet ta juya masa baya, ta kama gyara zannuwan da ke kan igiya. Wannan ya fi damun Kefas da duk zagin da ta yi masa. Ya nufi ɗakin ajiya yana cewa bari ya fito da keken ya mayar wa Nonso, tun da ba mai so.

A bakin ƙofa ya tsaya. An yi wa sirdin keken riga da ƙyallen atamfar Zumunta, an cusa auduga, an bi gefe da ɗinki mai kyau. An kuma sauke sirdin har ƙasa.

"Amarya! Wa ya ɗinka wa kekena hula?"

"Saboda ƙura ne."

"Ƙurar ce ta ce a cusa auduga?"

"Sirdin kamar bakin gatari yake. Tausayinka na ji."

"Tausayin ne ya sauke shi daidai tsayin gajeriyar mace?"

"Kayan hannu ne, komai nasa kwancewa yake."

"Ga kuma silifas ɗinki a ƙarƙashinsa."

"Shara na yi."

Kefas ya sunkuya ya danna ɗan agogon da ke gaban keken.

"Abin nan yana auna tafiya fa. Mai sharar nan ta bar Samaru, ta wuce Zango, har ta kai Palladan."

Sai ga Kaka Janet a bakin ƙofa, da saurin da bai ga ta yi ba tun bara.

"Palladan kawai? Duk wahalar da nake sha tun ran Talata, Palladan kawai? Agogon ma an cuce ka!"

Suka dubi juna. Ba wanda ya yi dariya.

"Karɓi sandar nan," ta ce. "Ka kuma kau da ido, matar aure za ta hau."

Ta gyara ɗaurin zani, ta kama kafaɗarsa ta hau. Zagayen farko gwiwar ta yi ƙara, ta cije leɓe. Na biyu ya zo da sauƙi. Can sai ƙafafun suka kama irin takun da suka saba a kan keken ɗinki.

"Ina muke yanzu?"

"Har yanzu Palladan."

"PZ da saura?"

"Sai kin wuce Kwangila."

"Zan je. Ina da magana da Nonso a kan taya." Ta share goshi da gefen ɗankwali. "Maigida, wancan na zaure na ba ka kyauta. Ka tafi da shi yau. Da wannan tumbin, kai za ka riga ni bukatarsa."

Dariyar da Kefas ya daɗe yana riƙewa ta ƙwace masa, har ya dafa kan keken.

"Na gode, amarya. Na karɓa."

"To matsa daga gabana," ta ce, ba ta ko murmusa ba. "Abin nan ba shi da birki."