Yadda Ake Ganin Watan Sallah Tun Bai Tsaya Ba

Kai da azumi ya faɗo maka cikin bazara, maƙogwaronka ya bushe kana sharar gona, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan za ka sha furarka ran talatin ga wata da rana tsaka, dagaci kuma ya yafa maka rigar da yake ba wanda ya fara ganin wata. Mati na ƙauyenmu, nan bakin kogin Watari, shi ya fara gwada su. Inda ya dace ka kwaikwaya, inda ya zame ka tsallake.

1. Ware kanka daga jama'a

Ran ashirin da tara ga wata, mutane za su taru bayan masallaci suna duban yamma. Kada ka shiga cikinsu, masu ido sun yi yawa. Mati suri ya hau a ƙarshen gonarsa, ya dafa goshi kamar mai neman ɓatacciyar saniya.

2. Yi ihun da ya dace

Bari rana ta faɗi tukuna. Wanda ya ga wata da la'asar ba maƙaryaci ba ne, mahaukaci ne. Mati ya jira aka sha ruwa, sannan ya kwarara kabbara: "Ga shi can! Wallahi ga shi can!" Da aka rugo ana tambayar ina, sai ya ce ya shige gajimare. Gajimaren bai kai faifai girma ba, amma ya wadatar.

3. Nemo abokin shaida

Liman ba ya karɓar bakin mutum ɗaya. Nemi wanda idonsa ba ya gani sosai, kuma yake jin nauyinka. Mati ya jawo Iliyasu, ƙanin matarsa Hure.

"Kai ma ai ka gani ko?"

"To, Yaya, na dai ga wani abu fari-fari."

Shi ke nan, an sami shaida. Kafin a isa ƙofar liman labari ya haye kogi, Hure ta ɗora tukunyar tuwon Sallah, mata sun hau daka.

4. Koyi inda wata ke samo haskensa

Nan gwanin namu ya zame. Limaminmu Malam Kallamu, wanda kakanninsa suka zo daga Barno, ya karanci ilmin taurari. Bai musa wa Mati ba, sanda kawai ya miƙa masa.

"Zana mana shi a ƙasa yadda ka gan shi."

Mati ya zana wata kife kamar ƙwaryar da aka wanke, ƙahonninsa na kallon ƙasa.

Malam ya ce, "Mati, wata ba shi da hasken kansa, na rana yake aro. Haskenta ke ratso sararin sama ya same shi, kamar yadda yake samun gogaggiyar tasa. Kuma a miƙe yake tafiya, ba ya karkacewa irin hanyar rafi. Rana ta faɗa ƙasa, don haka gindin wata take haskawa, ƙahonni su dubi sama. Naka wa ya haska shi ta bisa?"

"Allah gafarta Malam, ikon Allah ne."

"Ikon Allah ne ya tsara shi yadda na faɗa. Iliyasu, kai fa?"

"Ni, Malam, ina jin balbela ce."

Saboda haka kai in an ba ka sanda, zana ƙwarya a zaune. Wanda zai yi wa sama ƙarya, ya fara ɗaga kai ya dube ta ko sau ɗaya.

5. Shirya wa abin da zai biyo baya

Liman ya ce gobe azumi. Tuwon Hure ya kwana ya yi tsami, ta juye wa kaji tana ce wa Mati, "Ka sa na zama abin dariya a bakin rijiya!" Mutanen hayin kogi, waɗanda ihun ya isa gare su amma hukuncin liman bai isa ba, sun wayi gari suna cin abinci, sai da suka rama azumin bayan Sallah, suna tsine wa Mati. Dagaci ya ce ba a ƙara karɓar shaidar Mati a ƙofarsa. Da damina awakin maƙwabci suka cinye masa gero yana kallo, ya kai ƙara, aka ce ya kawo wanda ya gani.

Ni dai ban aike ka ba. In liman ya kama ka, ko matarka ta daina yi maka magana, ko mutanen hayi suka tare ka a kasuwa, kada ka ambaci sunana. Ran da za ka hau suri ina cikin masallaci a sahun gaba, kuma gobenta da azumina zan tashi.